FAIFAI KO RUMBU: HANYOYIN ADANA FINAFINAI A GIDA DA KALLONSU

Gabatarwa



Na san ba za a rasa waɗanda suka ga sanarwar wannan lacca suka ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska ba? Watau ina ruwan malamin Hausa da zancen na'urori? To, ga abin da ya jawo ni. Kwanakin baya wata ƙanwata ta kawo mini faifan bikin aurenta, wanda aka ɗauka shekara goma sha biyar da suka wuce. A cikinsa akwai wurin da marigayi mahaifinmu ya yi wa ango da amarya nasiha, kuma ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Muka sa faifan, ya fara tafiya sumul, yana isa minti na ashirin sai hoto ya tsaya cik. Muka goge shi, muka sauya na'ura har uku, a banza. Muka nemo mai ɗaukar hoton, ya ce ai tuntuni ya shafe nasa. Faifan nan kuwa ba a taɓa jefar da shi ba, yana ƙasan akwati cikin zannuwan lefe tun ranar da aka kawo shi.

Wannan hasara ita ce ta sa na zauna na yi nazarin al'amarin. A yau mai tarin finafinai a gida yana da manyan hanyoyi biyu na ajiya: ko ya bar su a kan faifai, ko ya juye su cikin wata na'ura da ke haɗe da sauran na'urorin gidan. Zan bayyana yadda kowace take aiki, in kwatanta su, sa'an nan in nuna yadda kowace take cin amanar mai ita. Abin da nake so a tashi da shi guda ɗaya ne: babu ma'ajin da ke dawwama, abin da ke raya fim shi ne yawan kwafinsa da sabunta kwafin a kai a kai.

Ma'anar Kalmomi

Tun da yake harshe ne sana'ata, bari mu fara da kalmomi. Asalin faifai shi ne wanda mata ke saƙawa da kaba ko zare don rufe ƙwarya da sheƙe hatsi. Da garmaho ya zo, Bahaushe ya dubi kewayayyen abin da ake ɗora masa, ya ga ya yi kama da na ɗakin uwarsa, sai ya ce faifan garmaho. Daga nan sunan ya bi CD da DVD da Blu-ray. Wannan ita ce hanyar da harshe mai rai ke bi ya raɗa wa baƙon abu suna.

Ita kuwa na'ura ta biyu, Turawa suna taƙaita sunanta da haruffa uku, NAS, ma'ana ma'ajin da aka jona da hanyar sadarwa. Ni zan kira ta rumbun sadarwa, ko rumbu kawai, domin aikinsu ɗaya da na gona: a tara a wuri guda, kowa a gidan ya ɗiba. A cikin rumbun akwai abin da 'yan kasuwa ke kira had-dis, watau ƙunshin fayafayan maganaɗisu masu juyawa. Shi kuma zan kira shi taska, don kada ya rikice da faifan da muke sa wa na'urar kallo.

Faifai da Yadda Yake Aiki

Kafin faifai, kaset ne ke mulki. Kamfanin Sony ya fito da Betamax a 1975, kamfanin JVC ya biyo da VHS a 1976, VHS kuwa ya yi rinjaye. A kan irin wannan kaset ne finafinan Hausa na bidiyo suka tashi a Kano, tun daga Turmin Danya na 1990. An fito da CD a 1982, sai Video CD a 1993, sai DVD a Japan a 1996, sai Blu-ray a 2006, sai kuma Ultra HD Blu-ray a 2016. Kowane sabo ya fi na bayansa ciki. CD yana ɗaukar kimanin megabait 700, shi ya sa ake raba dogon fim gida biyu a kan Video CD. DVD yana ɗaukar gigabait 4.7, ko 8.5 in mai hawa biyu ne. Blu-ray yana ɗaukar 25 ko 50, na ƙarshen kuwa har 100.

Dukkansu hanyar karatunsu ɗaya ce. Akwai ƙananan ramuka jere a kan wata siririyar hanya da ta naɗe kamar gammo. Hasken leza yana bin hanyar nan, ya bugi wani shafin ƙarfe mai ƙyalli, ya dawo, na'ura ta juya bambancin hasken zuwa hoto da sauti. Lezar DVD ja ce, ta Blu-ray shuɗiya ce mai tsinin da ya fi siranta, don haka take iya karanta ramuka mafi ƙanƙanta, faifan kuma ya ɗauki kaya mafi yawa.

A nan ya kamata mu lura da wani bambanci wanda galibin mutane ba su kula da shi ba. Faifai iri biyu ne. Akwai na masana'anta, wanda aka buga ramukansa a jikin roba da tambari, kamar yadda ake buga kwabo. Akwai kuma wanda ake saye fanko a juya masa fim da kwamfuta. Shi wannan ba shi da ramuka na gaskiya, wani rini ne a cikinsa wanda leza ke ƙonawa ɗigo ɗigo. Rini kuwa, kamar yadda kowane marini ya sani, yana koɗewa in ya sha rana da zafi da laima. Finafinan biki da suna da walima da hawan salla kusan dukkansu a kan wannan iri na biyu suke. Watau abin da ya fi kome daraja a gidajenmu, wanda ba a sayensa a kasuwa, shi ne ke kwance a kan ma'aji mafi rauni.

Rumbun Sadarwa da Yadda Yake Aiki

Taskar maganaɗisu ta girmi faifan leza. Kamfanin IBM ya fito da ta farko a 1956, mai fayafayai 50, kowane faɗinsa inci 24, abin da take ɗauka duka bai wuce haruffa miliyan biyar ba. A yau taska guda da za ta shiga aljihun babbar riga tana iya ɗaukar fiye da terabait 20, terabait ɗaya kuwa gigabait dubu ne. Fayafayan cikinta suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti, wani ɗan hannu yana shawagi a kansu yana rubutu da karatu ba tare da ya taɓa su ba.

Rumbun sadarwa ƙaramar kwamfuta ce marar allo, mai gurabun taska biyu ko huɗu ko fiye. Kamfanonin Synology da QNAP na ƙasar Taiwan suna cikin waɗanda suka yi suna wajen ƙera shi, amma tsohuwar kwamfuta ma tana iya wannan aiki. Ana jona shi da rautar gida ta waya, sa'an nan a sa masa manhajar da za ta tsara finafinai, kamar Plex ko Jellyfin, ko a sa Kodi a na'urar kallo. Manhajar tana jera finafinan bisa suna da shekara, ta tuna inda mai kallo ya tsaya jiya. Maigida yana kallon nasa a talabijin, uwargida tana kallon nata a waya, yara suna nasu a ɗaki, duk a lokaci guda, daga rumbu guda, ko da babu intanet.

Bari mu yi ɗan lissafi. A ce mutum yana da DVD 500, kowane ya ci kimanin gigabait 7. Jimla terabait uku da rabi ke nan, bai ko cika rabin taska mai terabait 8 ba. Kantar da ta cika bango guda ta koma cikin akwatin da bai fi burodi biyu ba. Amma fa juyewar aiki ce. In kowane faifai ya ci rabin awa, awa 250 ke nan a gaban kwamfuta, ban da gyaran sunaye.

Dalilin yi wa rumbu gurabu da yawa shi ne wata dabara da ake kira RAID, wadda masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Bakili, David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka bayyana a wata maƙala a 1988. Mafi sauƙinta ita ce a rubuta kome sau biyu a taska biyu, in ɗaya ta mutu ɗaya na nan. Wata hanyar kuma ita ce a raba kaya a kan taska huɗu tare da wani lissafi na cike gurbi, ta yadda taska huɗu masu terabait 8 za su ba da wurin terabait 24, kuma kowace ɗaya ta mutu ana iya sake gina abin da ke cikinta daga sauran ukun.

Kwatanci

Ta fuskar sauƙin kallo, rumbu ya yi wa faifai nisa. Babu neman kwali, babu tarar da faifan wani fim a cikin kwalin wani, babu yaro ya shafa masa man miya. Har ila yau, an raba duniya shiyya shida don DVD: Amurka tana ta ɗaya, Ingila tana ta biyu, Nijeriya da Nijar suna ta biyar. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje na ga yadda kwamfuta ke ƙin faifan wata shiyya, ta ba mutum damar sauya shiyya sau biyar kacal, sa'an nan ta kafe a kan ta ƙarshe. Fim ɗin da ke cikin rumbu ba ya tambayar shiyya.

Ta fuskar kyawun hoto, in an juye faifai ɗungurungum ba a matse shi ba, abin da ke rumbu daidai yake da abin da ke faifan, babu ragi ko na ɗigo. Ragi yana shigowa ne in an matse fim don a rage masa girma. Sai dai hanyar da fim zai bi zuwa talabijin ita ce abin dubawa. Hoton DVD ba ya wuce megabit 10 a daƙiƙa, na Blu-ray yana kai 40, na Ultra HD yana iya haura 100. Wayar sadarwa mai megabit 1,000 tana ɗaukar wannan ba wahala, amma sadarwar iska da ta ratsa bango biyu ko uku takan gaza, hoto ya riƙa tsayawa. Talabijin da yawa ma ramin wayarsu megabit 100 kawai yake ɗauka.

Ta fuskar kuɗi, faifai ya fi rangwame. Yana kan kanta ba ya cin wuta, ba ya neman gyara. Rumbu kuwa kullum a kunne yake. In yana cin wat 30, a shekara ya sha kimanin yunit 263 na lantarki. A ƙasashenmu kuma akwai abin da ya fi tsadar wuta, watau ɗaukewarta ba sallama. Taskar da wuta ta yanke mata tana tsakiyar rubutu tana iya ɓata abin da take rubutawa, saboda haka batirin ko-ta-kwana wajibi ne. Ga zafin bazara, ga ƙurar hunturu da ke toshe fankar da ke sanyaya shi.

Akwai kuma zancen doka, wanda ma'aikatan gwamnati da ke nan suka fi ni sani. Galibin fayafayan kamfanoni an sa musu kwaɗo don hana kwafi. An ɓalle kwaɗon DVD tun 1999, har aka kai wani saurayi ɗan Norwe, Jon Lech Johansen, kotu, aka sallame shi a 2003. Amma iya abu dabam, halaccinsa dabam. Dokar Amurka ta 1998 ta hana ɓalle irin wannan kwaɗo. A Ingila an halatta kwafi don amfanin kai a 2014, babbar kotu ta soke halaccin a 2015. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ita ma ta yi tanadi a kan haka. Fim ɗin bikinka kuwa, da duk abin da ka ɗauka da hannunka, babu mai hana ka kwafarsa sau ɗari.

Yadda Kowanne Ke Cin Amana

Faifai yana mutuwa ɗaya ɗaya, a hankali, ba tare da ya yi ƙara ba. Karcewa ita ce wadda kowa ya sani, amma akwai ruɓewa daga ciki, in iska ta sami hanyar shiga shafin ƙarfen ta ci shi. Ko na masana'anta bai tsira ba. Wasu CD da aka buga a wata masana'anta a garin Bilakban na Ingila tsakanin 1988 da 1993 sun rine sun koma launin tagulla, suka daina karantuwa. A 2025 kamfanin Warner Bros. ya amsa cewa wasu DVD ɗinsa na 2006 zuwa 2008 suna lalacewa. Duk da haka, in faifai ɗaya ya mutu, sauran 499 suna nan.

Haɗari na biyu ya fi wannan girma, shi ne faifai ya rayu na'urar karanta shi ta mutu. A 1086 Sarki Wiliyam na Ingila ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar ƙasarsa aka rubuta a kan fata. A 1986, don cikar wannan aiki shekara 900, gidan BBC ya tattara hotuna da bayanai daga ko'ina a ƙasar, da taimakon 'yan makaranta, ya zuba a manyan fayafayan leza guda biyu. Kafin 2002 na'urorin da ke karanta su sun kusa ƙarewa, sai da masana suka yi aikin ceto. Littafin fata kuwa yana nan a gidan adana takardu a Landan, ana karanta shi. Haka kamfanin Funai ya daina ƙera na'urar VHS a 2016, shi ne na ƙarshe da aka sani yana yi. Na'urar Blu-ray ma ta kama hanya: Samsung ya janye a 2019, LG ya daina a ƙarshen 2024.

Shi kuwa rumbu, mutuwarsa ta farat ɗaya ce. Taska abu ce mai motsi, duk mai motsi kuwa yana gajiya. Dabarar RAID tana kare mutum daga mutuwar taska guda, amma ba ta kare shi daga gobara, ko ɓarawo, ko tsawa da ta biyo waya, ko ɗan yatsansa. In ka shafe fim bisa kuskure, nan take ya shafe a dukkan taskokin. Bugu da ƙari, rumbun da aka buɗe wa ƙofa zuwa intanet yana gayyatar ɓarayin da ba su haura katanga. A watan Yuni na 2021 masu na'urar My Book Live ta kamfanin Western Digital sun wayi gari an shafe musu kome daga nesa. A watan Janairu na 2022 wata muguwar manhaja mai suna DeadBolt ta kulle kayan dubban masu rumbun QNAP, aka nemi kuɗin fansa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Darasi da Shawara

To, ina mafita? Mafitar tana cikin al'adar da muka gada. Rubuce-rubucen malaman ƙarni na goma sha tara na ƙasar nan, na Larabci da na Ajami, da yawansu ba takardar da marubucin ya riƙe da hannunsa ce ta iso mana ba. Almajiri ya kwafa daga malaminsa, wani ya kwafa daga gare shi, kwafi ya tafi Sakkwato, wani Zariya, wani Damagaram. Gara ta ci na wannan gida, na wancan ya tsira. Inda aka yi sakaci da kwafi kuwa, ko ƙasa mai arziki ta yi hasara: wani bincike da Laburaren Majalisar Amurka ya fitar a 2013 ya nuna kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebaye na ƙasar sun ɓace gaba ɗaya. A 1998 ma, ana cikin aikin fim ɗin Toy Story 2, wani umarni na kuskure ya shafe mafi yawan aikin, kwafin ofis kuma ya zama lalatacce. Abin da ya cece su shi ne kwafin da wata ma'aikaciya mai jego ta ajiye a gida.

Masana ajiya sun taƙaita wannan da ƙa'idar 3-2-1, wadda wani mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, Peter Krogh, ya yaɗa: kwafi uku, a kan ma'aji iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. Bisa ga wannan, ga shawarata.

Na farko, a raba tarin gida biyu: abin da kuɗi ke iya maidowa, da abin da ba ya iyawa. A fara da na biyun, watau finafinan iyali da tsofaffin kaset ɗin wasannin Hausa da ba a ƙara bugawa. A juye su yanzu, tun na'urar karanta su tana samuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyu, wanda ya sayi rumbu kada ya zubar da fayafayansa. A jera su a tsaye cikin kwalayensu, a inuwa, nesa da taga da danshi. Rumbu don kallon yau da kullum, faifai don ranar da rumbu ya ƙi.

Na uku, a sami taskar tafi-da-gidanka, a zuba mata finafinan iyali, a kai ta gidan ɗan'uwa a wata unguwa. Wanda ba shi da halin sayen rumbu ma, taska biyu irin wannan sun ishe shi.

Na huɗu, a sa rana guda a shekara ta duba ajiya: a kunna, a kalla, a tabbata tana karantuwa. Duk bayan shekara biyar ko makamancin haka a juye zuwa sabuwar taska. A kuma rubuta suna da shekara da wuri da sunayen waɗanda ke ciki, domin jika ba zai gane fuskar kakan da bai taɓa gani ba.

Kammalawa

Jama'a, mun ga faifai mallaka ce mai arha da haƙuri, amma yana tsufa a ɓoye, na'urarsa kuma tana ƙarewa. Mun ga rumbu bara ne mai saurin aike, amma yana son wuta da kulawa, in ya faɗi kuma da kaya duka yake faɗuwa. Mai hankali yana haɗa su ne, ya ƙara da na uku a wajen gida. Wannan magana ta shafi sassan jami'a da ma'aikatun al'adu da gidajen talabijin, waɗanda kantocinsu ke cike da kaset ɗin da babu mai kunnawa, kamar yadda ta shafi akwatin ƙanwata. Mu dai mun rasa muryar mahaifinmu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ina roƙon duk wanda ya koma gida yau ya buɗe akwati ya gwada faifansa.